Yatsun Ignatiya

Kwana biyu muna haura kogin Essequibo,
ni da jakar takardu da na'urar ɗaukar yatsa,
injin kwalekwale na tari kamar mai tsohon ciwo.
A Georgetown sun ce mai ya ɓulɓulo a teku,
baitulmali ya cika yana tumbatsa,
a rubuta kowa, kowa ya ɗanɗana.
Ni aka aiko in ƙirgo kowan.

Gindin mangwaro suka yi layi:
masu su, masu haƙar zinariya da zazzaɓi ya koro gida,
malamin makaranta da allinsa a aljihu.
Na'ura ta yi kore, ta yi kore, ta yi kore.

Ignatiya Domingo ce ta ƙarshe,
ta jingine sandarta da teburina.
Na ce, shekarar haihuwa?
Ta ce, shekarar da ambaliya ta ci gonar ubana.
Na duba takarda sama da ƙasa,
babu gurbin ambaliya.

Na ɗora babban yatsanta bisa gilashi. Ja.
Manuniya. Ja.
Na goge da gefen rigata, na hura, muka sake,
har goma suka ƙare.
Shekara sittin tana gurzar rogo,
magurji ya lashe zanen tas,
ya bar fata sumul kamar dutsen rafi.
Na'ura ta ce babu kowa a nan.

Ta yi dariya da haƙoranta huɗu.
Ta ce, yaro, rabin layin nan ni na yanke musu cibiya,
tambayi akwatinka wa ya yanke tasa.
Sannan ta kwance ƙunshi ta ba ni gurasar rogo,
wai hanya da nisa.

An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama.
Nata yana hawa na huɗu a ofishinmu,
cikin aljihun tebur mai suna "sai an tantance",
kuma kuɗin jirgin zuwa can
ya kusa cinye abin da za a ba ta.

Da dare muka gangaro bakin teku,
fitilun jiragen mai jere kamar wani gari.
Yunwa ta sa na buɗe ƙunshin.
A gefen gurasa, inda ta danna tun tana ɗanya,
ga gurbin babban yatsanta,
ya zauna daram.
Na daɗe ina kallo kafin in gutsura
ta ɗaya gefen.