Baƙo Ya Kai Ni Dala

Hammanjoda ya sauka daga Gembu
da rigar sanyi a jaka, ba ta yi masa rana ba.
Ya sha shayi, ya miƙe ƙafa, ya ce,
"To, ɗan birni, me ake gani a garinku?"
Na shiga jero masa kamar mai karanta rasit:
Kurmi, karofin Ƙofar Mata, gidan zu, Kantin Kwari.
Ya ɗaga cokali ya nuna ta taga.
"Wancan fa?"

Na ce Dala ke nan.
Ya ce, "Sau nawa ka hau?"
Na sunkuya ina gyara takalmin da bai ɓaci ba.
Shekara arba'in da uku a gindinsa,
da shi nake yi wa mai adaidaita kwatance,
da shi nake cika baki in na je Legas,
amma ƙafata ba ta san matakalarsa ba.

Ruwan dare ya wanke gari.
Muka bi lungu, kwata na gudu a gefe,
wata yarinya na kwashe awara daga mai,
ta bi mu da ido: manya biyu za su hawan dutse.

Na soma ƙirga matakala, na ɓata a sittin da wani abu,
ƙirjina na dakan sakwara.
Shi kuwa tafe yake yana hira
kamar mai zuwa sayo goro.
"A wajenmu," in ji shi, "wannan suri ne."
Na so in rama, numfashi ya hana.
Wata akuya ta wuce mu, ko sannu.

Sai ga sama.
Jan dutse, ciyawar damina a tsagoginsa,
iska da ba ta bi ta bakin janareta ba.
Kano ta kwanta kamar tabarmar da aka shimfiɗa
aka manta inda gefenta yake.
Ga Goron Dutse can, ya juyo yana kallonmu,
tsofaffi biyu da suka daina ziyara.
Ga hasumiyoyi, ga baƙaƙen tankuna a kan rufi,
adaidaita na bin titi kamar ƙwayar masara ta zube.
Shirwa na shawagi ƙasa da ni.
Ban taɓa ganin bayan shirwa ba sai ran nan.

Hammanjoda ya yi shiru.
Can ya ce, "Mu in mun hau, hazo muke gani da shanu.
Ku mutane kuke gani."
Ya zauna ya cire hula.

Ni gidana nake nema.
Na bi masallacin unguwa da yatsa,
na karya ta wajen mai injin markaɗe,
na ɓata, na dawo, na sake.
Sai na hango tsohuwar tayar nan
da na danne kwano da ita tun bara waccan,
wadda kullum nake ce wa Hansatu
ran Asabar zan kira kafinta.
Kusa da ita jan zanenta a igiya.
Duk faɗin Kano,
da abin kunyata na gane gidana.

Kiran azahar ya tashi daga Gwammaja,
wani ya karɓa, wani ya karɓa,
har ya kewaye dutsen ya iso mu ta baya.

Saukowa ta fi cin gwiwa.
A ƙasa muka sayi gurasa bandabanda,
ƙuli ya ji, yaji ya yi yawa,
baƙona na hawaye yana neman ƙari.
Mai gurasar ta dube mu ta ce,
"Wane ne baƙon a cikinku?"

Hammanjoda ya nuna ni da baki cike.