Fitowa ta Ɗari da Sha Huɗu

Kwali tara Tadek ya bar mini.
Ba mota, ba fili, ba ko agogon hannu,
kwali tara a ɗakin ƙasa na gidanmu a Toledo,
gefen injin ɗumama gida mai tari cikin dare.
Kowane littafi da rigarsa ta leda
kamar yara za su coci ran Lahadi.

Na sauko ne in yi musu kuɗi.
Na zaro na farko don in duba farashi,
ban farga ba sai da shayina ya huce.

Mai Inuwa Biyu, sunan jarumin ke nan.
Inuwa ɗaya na binsa, ɗaya na gabansa,
ita ke shiga wuta kafin ya shiga,
ita ke faɗowa daga bene kafin ya faɗo.
Da rana ma'aikacin hukumar ruwa ne mai ciwon gwiwa,
da dare birni ɗungurungum na rataye a wuyansa.

Shekarata hamsin da bakwai, ina gyaran birkin bas.
Sau uku nake wanke baƙin mai daga farcena
kafin in taɓa takarda.
Na kafa doka: ɗaya kowane dare, kamar magani.
Daren Juma'a nakan karya ta, in sha biyar.

A fitowa ta arba'in aka sauya mai zane,
haɓar jarumin ta dawo kamar shebur.
Mako guda ina fushi da mutumin da ban sani ba.
A ta sittin da biyu ya mutu,
aka binne shi cikin ruwan sama, shafi huɗu ba kalma ko ɗaya.
A ta sittin da shida ya dawo, ko afuwa bai nema ba.
Na ajiye littafin, na hau sama,
na tsaya a taga ina kallon dusar ƙanƙara
tana rufe motar maƙwabci.
A can mutuwa ƙofa ce mai buɗewa ta baya.
Tamu kuwa, wata takwas ke nan, shiru.

Bayan kwalayen tokare akwai rubutun fensir,
hannun yaro ɗan shekara sha ɗaya:
"Ƙarya ne, ba zai iya ɗaga jirgin ƙasa ba."
"Wannan na karanta sau tara."
Ga shatin babban yatsa da dabbaren man gyaɗa.
Na ɗora nawa a kai, ya rufe shi ruf.

Ta ɗari da sha uku ta ƙare yana lilo a ƙarƙashin gada,
hannu ɗaya, igiya na tsinkewa,
inuwar gaba ta yanke kanta ta tafi.
A ƙasa, ƙananan baƙaƙe: za a ci gaba.

Na sa hannu a kwali. Ɗari da sha biyar.
Na sake ƙirgawa. Na zazzage kwalin a ƙasa.

Sai na tuna.
Ni ne. Ina ɗan tara, na ba Benny Wozniacki ita
don ya bar ni in zagaya unguwa sau biyu a kekensa.
Wata guda Tadek bai yi mini magana ba.
Shekara arba'in da takwas bai cike gurbin ba,
alhali dala nawa ce?
Ya bar ledar a wurinta, babu komai ciki,
ya rubuta lambar a kai.

Rudy Szafran, mai shagon titin Lagrange,
ya samo mini ita daga wani a Dayton.
Dala sha ɗaya, kusurwa ɗaya a lanƙwashe.
Ya ce, "Kada ka sa rai, ba ta da wani daɗi."

Tana kan teburin kicin tun Laraba,
cikin ambulan mai ruwan ƙasa.
Na wanke hannu. Na sake wankewa.
Jarumin dai na can yana lilo,
igiyar ba ta ƙarasa tsinkewa ba,
kuma injin ƙasa na ta tari
kamar mai jiran in sauko mu karanta tare.