Jirgin Kan Kanta

Damagaram ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba.
Ni na ji, sau ɗaya, a Nguru,
ina ɗan shekara tara, riƙe da bakin rigar babana
ran da muka kai fatu.
Ƙasa ta yi rawa ƙarƙashin ƙafata.
Shekara hamsin da ƴan kai, ba ta daina ba.

Da mutane suka bar kawo rediyo gyara
sai na roƙi Cima kantar da take kife kwanoninta:
katako ɗaya a jikin bango,
tsawo kamu huɗu, faɗi tafin hannu biyu.
Ta ce, aro ne.
Na ce, gari zan gina.
Ta ce, to, a bar wa tulu hanya.

Dogo na fara shimfiɗawa,
wayar ƙafar keke, na buge ta har ta miƙe,
tsinken ashana ɗari uku da sittin a ƙarƙashi,
kowane da ɗigon ƙaro.
Taragu, gwangwanin kifi ne.
Har yau in rana ta yi zafi
fasinjana suna warin sardin.
Zuciyar jirgin kuwa na ciro ta daga cikin rediyo mai kaset
wadda mai ita ya ce gobe zai dawo,
shekara goma sha ɗaya ke nan.

Birni na sa a hagu.
Yumɓu, zanko kamar ƙwayar shinkafa,
zanen bango da bakin allura, ina riƙe numfashi.
Tsakuwa uku na tsinto bayan gidanmu,
na ɗora su, suka zama duwatsun gari,
ba wanda ya yi musu.
Zango a dama. Kasuwar Dole a tsakiya,
rumfuna bakwai kacal, sauran sai a ji da zuci.
Ga mai kabu-kabu na waya yana jiran canji,
ga ɗan garuwa a bakin famfo.
Famfon ba ya kawo ruwa.
Nan kam ban ƙara wa gaskiya komai ba.

Wuri bai isa a yi kwana ba,
jirgina ba ya zagaye.
Ya je, ya tsaya, in juya batir, ya dawo da baya.
Na kafa guntun madubi a ƙarshen katako
sai garin ya ninka kansa,
jirgi biyu suna tahowa su gaisa goshi da goshi.

Jikana Mutari ya ɗora haɓa a bakin kanta.
Kaka, ina za shi?
Na ce Agadas.
Ya ce, ai ga bango nan.
Na ce, yaro, duk wanda ya je Agadas bango ya fara wucewa.
Bai yarda ba. Ni ma dai.

Hatsari biyu muka yi bana.
Ƙwayar gero ɗaya ta kayar da tarago a gaban kasuwa.
Sai tsaka da ta kwana a kan dogo,
ƙatuwa kamar kada, ta ƙi tashi har hantsi,
duk garin ya makara.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Unguwa ta yi baƙi ƙirin, fanka ta yi shiru,
sai fitilun titina shida, ƙwan tocila,
su kaɗai ke ci a duk Damagaram da na sani.
Na sunkuya in share dogo
sai na ga baƙuwa a tasha,
ba ni na yi ta ba:
tsinke ne da zare, ɗan ƙyallen atamfa shuɗi,
irin zanen da Cima ta daina ɗaurawa,
da ƙunshin kaya a ka, ƙwayar wake.

Na waiga. Tana kan tabarma tana fifita,
ba ta dube ni ba.
Ta ce, Malam, mutum tun la'asar yake tsaye.
Jirgin naku yana zuwa ko in nemi mota?