Mujiya, Fitowa ta Ɗari Biyu da Ɗaya

A bene na uku, a Sampaloc, saman shagon mai gyaran agogo,
nake zana ta tun kaina bai san furfura ba.
Ruwan Manila na dukan kwano,
tawada na ƙin bushewa.

Da rana ita ce Lauya Amparo Dimalanta,
jakarta ta ci duniya,
muryarta gaban alƙali kamar ruwan randa.
Da dare in sa mata fukafukai ruwan toka,
in buɗe mata idanu kamar fitilun jifni,
ta dira kan rufin wanda ya sayi shaidu da safe.
Na raɗa mata Mujiya,
don tsuntsun da duk gari ya tsana
shi ke gani sa'ad da kowa ke runtsawa.

Shafi ashirin da huɗu gare ni duk wata.
A na uku a yi zalunci,
a na goma kotu ta wanke azzalumi tas,
a na ashirin haƙoransa biyu su tashi sama,
in rubuta ƘWAS! da jan harafi,
yara su miƙa peso, su tsuguna bakin titi suna karantawa.

'Yata Luningning kuwa lauya ce ta gaske,
irin wadda ake bai wa wanda ba shi da ko sisi.
Ba ta da fiffike. Tana da ciwon baya
da fayil ɗari uku ɗaure da roba.
Takan leƙo ta kafaɗata ta yi dariya:
"Baba, a wurinmu ba a tsalle kan rufi.
Zama ake ɗagewa, a dawo, a sake ɗagewa."

Daren jiya ba ta yi dariya ba.
Shinkafarta ta huce a gabanta.
Ta ce akwai wani yaro, Isagani,
an kama shi kan babur ɗin da bai taɓa hawa ba.
Wata ashirin da shida yana jiran alƙali
ya dawo daga hutu, daga taro, daga jinya.
Su sittin a ɗakin mutum goma, barci ma bi da bi.
Fitowa ta ɗari biyu na yawo hannu zuwa hannu a can
har ta yi laushi kamar tsumma.
Bai tambaye ta beli ba.
Ya ce, "An ce babanki ne ke zana ta.
Ki tambaye shi, ta san hanyar nan kuwa?"

Na kwana da alƙalami a hannu.
Na zana katangar, na zana waya mai ƙaya,
na kawo Mujiya har bakin taga,
farcenta kan ƙarfe, saura ta fizga.
Sai hannuna ya cije.
In ta ɓalle shi a takarda,
yaron zai ɗaga kai ya dubi nasa ƙarfen,
ya gan shi yadda ya bar shi jiya.
Shekara goma sha bakwai ina ƙarya da tawada,
yau ta fara yi mini ɗaci a haɗiyewa.

Na yage shafin.
Na cire mata fukafukan, na rataye su a ƙusa bayan ƙofa,
na ba ta lema mai karyayyen haƙarƙari,
na tsai da ita a layin rajistara, lamba ta tamanin da bakwai.
Shafi tara tana tsaye, ba naushi ko ɗaya.
Tiongson mai ɗab'i zai ce wa zai sayi wannan?
Shi ya sani, ni dai na gama zanawa.

Da asuba na ji ƙarar ƙofa.
Luningning ce, fayil a ƙirji cikin leda saboda ruwa,
tana tsallake kwata, ɗaya, biyu,
ta ɗaga hannu wa jifni, ta wuce ta a cike.
Na yi maza na jawo farar takarda
in kama yadda kafaɗarta ta karkace
kafin ta kai kwanar da take ɓacewa.