Ƙyauren Layi na Uku

Da jan fenti suka zo ran Talata,
suka shafa alama a bangon Layi na Uku.
Shekara talatin da ɗaya ina nan,
tun ina masinja a ofishin ruwa,
ni da famfon da ya fi ni jin ƙishirwa.

Ba zan yi ƙarya ba, tsatsa ta cinye rufin.
Da damina Yahanasu kan jera roba bakwai a ɗaki,
kowace da muryarta,
mu kwana jin kiɗan da ba mu gayyata ba.
Amma a jikin ƙyauren nan na riƙa zana tsayin Rabe da ƙusa
har ya wuce ni.
Na roƙi mai katafila ya bar mini shi.
Ya ce, "Ɗauka, Baba, ba ya cikin lissafi."

Wata ashirin muna haya a Ƙofar Marusa,
ƙyauren na jingine kamar baƙon da bai san ranar tafiya ba.

Mun dawo. Benaye a gaba, na masu kaurin albashi,
mu a baya, ciki biyu da falo,
mashiga ɗaya gare mu duka.
Maigadi ya ce wurin wa na zo.
Na ce wurin darbejiyar can, ni na dasa ta.

Sada tela bai dawo ba.
Takardarsa da sunan wansa marigayi take,
kwamfuta kuwa ba ta san zumunci ba.
Inda kekensa ke kuka da dare
motoci biyu ne a lulluɓe, suna barci.

Shekaranjiya da magariba aka ƙwanƙwasa.
Ɗiyar likitan bene ce, riƙe da kwano:
wai ƙamshin daddawa ya hau har hawa na uku,
ko ana sayarwa?
Yahanasu ta cika shi da miyar kuka.
"Ce mata nan ba a sayar wa maƙwabci."
Da safe kwanon ya dawo da lemo biyar.

Kada a tambaye ni ko an kyauta mana,
ban gama lissafi ba.
Famfo dai na zuba.
Ƙyauren na ƙarƙashin gado, ya fi ƙarfin kowace ƙofa a nan.

Yau na tsai da jikata a sabon bango, ƙusa a hannu.
Yahanasu ta ce, "Malam, takardar da ka sa wa hannu ta hana."
Na mai da ƙusa aljihu,
na lalubo guntun fensir.