Tsakin Likita

Tun daren Laraba barci ya yi mini yaji.
Na ƙirga kukan kwaɗi a lambatun Aboabo,
na lalubi inda nono yake a da.
Tabon ya yi shiru,
ni kuwa shirun nasa nake tsoro.

Da asuba na ɗauki katin asibiti,
ya yi laushi kamar ganyen da nake naɗe goro.
A Kejetiya yaron mota na kiran Bantama, Bantama,
kowa na sauri wajen neman abinsa,
ni ina sauri wajen abin da ba na son ji.

Bencin nan ya san mu.
Ga dattijon Tafo da robar fitsarinsa a cikin leda,
ga yarinyar da gashinta ya fara tofowa.
Matar da ke zama jikin taga ba ta zo ba.
Ba wanda ya tambaya,
amma duk mun dubi wurin.

Wancan zuwan, da lamba aka kira ni.
"Arba'in da biyu!" Ko kai bai ɗaga ba,
ya ce in kwance zane, ƙofa a hangame.
Na koma gida da lafiya a takarda
da wani ciwo a inda hoto ba ya kamawa.

Yau Sista Akosuwa ce.
"Mma Azumi," in ji ta, da Hausarta mai ɗingishi,
"yaya goro? Kasuwa ya yi kyau?"
Ta ja labule tukuna.
Ta murza tafukanta har suka yi ɗumi
kafin ta taɓa ni.

Sai likita, sa'an autana.
Ya zuba wa kwamfuta ido,
ya haɗa gira,
ya ja tsaki.

A cikin tsakin nan na raba kayana.
Tukunyar ƙarfe ta Rakiya ce,
bashin mai goron Ofinso a biya daga adashi,
atamfar da ban ɗinka ba a ba maƙwabciya,
a kai ni kusa da Inna, inda ruwa ba ya kwanciya.
Har na ga masu zaman makoki
suna miƙa wa juna koko.

Sista ta dube ni, ta dube shi.
Ta yi ƙasa da murya, da Tonanci,
ta manta shekarata talatin a garin nan:
"Yi mata magana. Fuskarka take karantawa."

Ya zabura kamar wanda aka taka wa yatsa.
"Mma, yi haƙuri, injin ne ya ƙi buɗewa."
Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya,
gwiwa na duban gwiwa.
Muka jira tare, mu uku.

"Hoton ya yi kyau. Jinin ya yi kyau.
Ba mu ga komai ba."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita,
bai dubi agogo ba.

Na kwance haɓar zane na ciro farin goro biyu.
Na san ba ta ci, ta karɓa da hannu bibbiyu.
A bayan kati ta rubuta ranar dawowa:
wata uku.

A bakin ƙofa ana yayyafi.
Na karɓo tukunyata daga hannun Rakiya,
na sayi masara gasasshiya, na ci a tsaye.
Kwana casa'in aka ba ni.
Yau ba zan ƙirga ba,
sai gobe.