Gwangwanin Kulu

Ni Labbo ɗan Arzika, a Boɗinga,
Shekara ashirin ina yankan rasidi.
Bakin ƙofar kasuwa nake tsayuwa,
Biro a kunne, a hammata littafi.
Buhun albasa ɗari, jaki hamsin,
Akuya in ta sauya hannu, da nata haraji.
Da la'asar in ƙirga, in ɗaure da roba,
In taka sakatariya, in miƙa wa ma'aji.

Ma'aji Nomau ba ɓarawo ba ne,
Na san takalminsa, na san inda ya sha faci.
Fankar ofishinsa ta tsaya tun bara,
Da fayil yake fifita yana lissafi.
Ya ce, "Abin da kuke tarowa a wata
Ba ya sayen man injin asibiti, wallahi."
Sai jiran kason da ke sauko mana daga sama,
Kamar manomin tudu mai duban hadari.
In ya zo, tun a hanya an gutsure shi,
Kashi bakwai cikin goma albashi,
Biyu na ɗan kwangilar kwalbati
Da ya mutu ya bar wa 'ya'yansa bin bashi.
Ɗayan da ya saura shi ne rijiya,
Shi ne allo, shi ne allura, shi ne titi.

Sai ranar da aka kira taron kasafi.
An jera kujerun haya, an kawo ruwan sanyi,
Wani mai tabarau ya karanta miliyoyi
Har na ji kamar garinmu ya yi arziki.

Kulu mai ƙosai ta miƙe daga baya,
Ba a kira ta ba, ba ta nemi izini.
Ta kwance gwangwanin madara daga zane,
Ta kife shi a kan teburin shugabanni.
Takardu suka zube, shuɗi da rawaya,
Wasu mai ya jiƙa su, wasu sun sha hayaƙi.
Na gane su tun daga inda nake zaune,
Hannuna ne a kansu, har da karkataccen sifili.

Ta ce, "Shekara tara, ga nawa nan.
Ban iya boko ba, amma ban yar da ko guda ba.
Famfon unguwarmu ya ƙafe tun azumin bara waccan,
Jarka nike saye wurin 'yan garuwa.
Na gwada muku nawa. Ku gwada min naku."

Ba wanda ya yi tari.
Mai tabarau ya juya shafi, ya sake juya shafi.
Nomau ya sunkuya yana tsince takardun,
Ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kalar gero a fili,
Ya jera su, ya daidaita bakinsu,
Ya mayar mata da hannu biyu, bai ce komai ba.

Washegari na koma bakin ƙofa.
Ta zo da tukunyarta da itacen girki,
Ta miƙo hamsin tun ban tambaya ba,
Ta ce, "Rubuta da kyau, Labbo, ina ajiya."
Na danna biro har ya huda takardar,
Ban taɓa jin nauyin hamsin ba sai ran nan da hantsi.